Wasan Soyayya na Cikin Waya: Zaɓi Ne ko Ciniki?

Ya ku 'yan'uwana 'yan makaranta, maza da mata, abin da nake so mu duba a wannan fili shi ne wani wasa da ya shigo mana ta cikin wayar hannu, wanda da yawa daga cikinmu muke yi a gida lokacin hutu, amma ba mu so a sani. Watau wasan nan na labarin soyayya, wanda mai karatu da kansa yake zaɓar abin da yarinyar cikin labari za ta faɗa, da saurayin da za ta kula. Na san wasu za su ce wannan ba zancen da ya dace da mujallar makaranta ba ne. Ni kuwa a ganina duk abin da yake cin lokacin ɗalibi da 'yan kuɗinsa, har ya shiga cikin tunaninsa game da aure, ya isa a yi maganarsa a fili, domin ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

Bari in fara da bayanin yadda wasan yake, saboda waɗanda ba su taɓa ganinsa ba, musamman malamanmu da iyayenmu. Labari ne rubutacce kamar na littafi, sai dai a fuskar waya yake fitowa layi-layi, ga zanen mutanen da suke magana, ga zanen wurin da suke, ga ɗan kiɗa yana tashi a hankali. Kana cikin karatu sai labarin ya tsaya, a jero maka amsa biyu ko uku, a ce ka taɓa ɗaya. Alal misali saurayi ya tare yarinya a hanya ya yi mata magana, sai a tambaye ka: ta amsa masa da fara'a, ko ta ɗaure fuska, ko ta wuce abinta? Wadda ka taɓa ita yarinyar za ta yi. A ɓoye kuwa wasan yana ƙidaya maki, kowane saurayi da nasa, wanda makinsa ya fi yawa wajensa labarin zai karkata. Daga ƙarshe ko a yi aure, ko a rabu, ko wani ya mutu, gwargwadon abin da ka yi ta zaɓa tun daga farko.

Ni dai a garinmu Sabon Birni na fara ganinsa, a wayar yayata. Kowa ya san halin da ƙasarmu ta Gobir take ciki a 'yan shekarun nan, daga Sabon Birni zuwa Isa har maƙwabtanmu na Shinkafi. Dandalin da iyayenmu mata suke ba mu labari, inda 'yan mata kan fita da farin wata su yi gaɗa har dare ya raba, mu ba mu tarar da shi ba. Da an yi magariba kowa ya shige gida an ja ƙofa. Zuwa biki ƙauye ma sai an yi shawara an sake shawara. To, yarinyar da ta gama aikin gida, ta yi bitar karatunta, ga dare da tsawo, ga fargaba, in ta sami waya mai caji me kake tsammani za ta yi? Haka muka riƙa haɗa kai ni da yayata a kan tabarma ɗaya, muna gardamar wace amsa za mu taɓa.

Da na bi diddigi sai na tarar wasan ya girme mu nesa ba kusa ba, kuma a ƙasar Japan ya yi ƙarfi. A shekarar 1994 kamfanin Konami ya fitar da wani mai suna Tokimeki Memorial, inda mai wasa yake zama ɗan makarantar sakandare har shekara 3, kuma sai ya dage da karatu da wasannin motsa jiki kafin yarinyar da yake so ta dube shi ranar gama makaranta. A shekarar nan dai ta 1994 kamfanin Koei ya fitar da Angelique, wanda wasu mata ma'aikatansa suka shirya domin 'yan mata, bisa jagorancin Keiko Erikawa. Shi ake ɗauka na farko a irin wasannin da Japanawa suke kira otome, watau budurwa. A cikinsa yarinya ce take takarar zama sarauniya, ga kuma samari 9 masu taimaka mata, in ta zaɓi soyayyar ɗayansu sai ta haƙura da sarauta. Da manyan wayoyi na shafawa suka yaɗu sai Amurkawa suka shigo da nasu, irin su Episode, da Choices wanda ya fito a 2016. A shekarar 2016 ɗin ne kuma aka fitar da Mystic Messenger a Koriya ta Kudu, wanda saƙonnin samarin cikinsa suke shigowa a kan ainihin lokacin agogo har kwana 11, wasu ma da tsakar dare. Irin na Amurkan su suka fi isowa gare mu, domin da Turanci suke, kuma sauke su a waya kyauta ne.

To, me ya sa muke son su? Na tambayi 'yan ajinmu da wasu ƙawayena na Isa, kuma amsarsu kusan ɗaya ce da tawa. Abu na farko shi ne ana tambayarmu. Yarinya a gidan Bahaushe tun tana ƙarama ake zaɓar mata makarantar da za ta shiga, da atamfar salla, da gidan da za ta je hutu, wani lokaci har mijin da za ta aura. Ba na cewa duk wannan laifi ne, domin abin da babba ya hango yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba. Amma fa akwai daɗi ka ga labari ya tsaya cik yana jiran abin da za ka ce. Na biyu, babu hasara ta gaske, in ka zaɓi abin da bai yi kyau ba kana iya komawa baya ka sake, abin da ba ya yiwuwa a zaman duniya. Na uku, ana ƙaruwa da Turanci. Ni kaina akwai kalmomin da na fara gani a wasan, daga baya na gamu da su a takardar jarrabawa.

Game da samarin cikin labari kuwa, ra'ayi ya rabu. Wasu sun fi son mai haƙuri, abokin ƙuruciya wanda ya san halin yarinya tun suna wasan ƙasa. Wasu sun fi son mai barkwanci, wasu kuma miskili wanda sai a hankali yake sakin fuska. Amma duk wadda na tambaya ta ce ta fi son yarinyar labari mai wayo, mai sana'a ko karatu, wadda in an taɓa ta ba za ta yi shiru ba. Maza ma suna yi, ko da yake sun fi mu ɓoyewa. Wani ɗan ajinmu ya gaya mini shi ya fi son labarin da yake da wani abu ban da so, kamar binciken ɓarawo ko rikicin sarauta, domin zancen so zalla yana gundurarsa.

Yanzu bari in zo kan abin da ya sa na ɗauki alƙalami. Ko da yake sauke wasan kyauta ne, Bahaushe ya ce banza ba ta kai zomo kasuwa. Masu yinsa 'yan kasuwa ne, sun biya marubuta da masu zane, tilas su mayar da kuɗinsu, wannan kuwa ba abin zargi ba ne. Inda gizo ke saƙar shi ne wurin da suka kafa rumfar karɓar kuɗin. A yawancin na waya akan ba ka wasu duwatsu na ƙarya da ake kira lu'ulu'u, kaɗan kyauta, sauran kuwa sai ka saya da kuɗi na gaske ko ka zauna kallon talla. Sa'an nan sai a ɗora farashin lu'ulu'u a kan amsar da ta fi kyau.

Ba zan manta da wani dare ba. Muna karanta wani labari, ba sai na faɗi sunansa ba, sai wata mai jin kai ta ci mutuncin yarinyarmu a gaban jama'a, ta zage ta har iyayenta. Aka jero mana amsa biyu. Ta farko, ta tsaya ta kare kanta da mutuncin gidansu, wannan sai an biya lu'ulu'u masu yawa. Ta biyu, ta sunkuyar da kai ta fita tana kuka, wannan kyauta ce. Muka duba asusunmu babu ko ɗaya. Haka muka taɓa ta biyu muna ji muna gani, yarinya ta fita tana share hawaye, mu ma ranmu ya ɓaci kamar mu aka zaga. Ga ƙoshi ga kwanan yunwa.

Tun daga ranar na lura abin ba a wuri ɗaya ba ne. In za a je biki, tufafin kirki na kuɗi ne, na kyauta kuwa tsumma. In aboki ya shiga hatsari, cetonsa na kuɗi ne, tsayawa kallo kyauta. In saurayi ya nemi a zauna a fahimci juna bayan an yi faɗa, zaman na kuɗi ne. Wannan shi ne babban ƙorafina, kuma ya wuce maganar naira da kwabo. Yarinya 'yar shekara 14 da ta yi wata da watanni tana wannan wasa, darasin da yake shiga kanta ba tare da ta sani ba shi ne mai kuɗi ne yake da bakin kare kansa, talaka kuwa nasa haƙuri da kuka. Mu da muke zaune inda ake sa wa ran mutum farashi, ake sayar da gona da shanu domin a karɓo ɗan'uwa daga daji, ba mu bukatar wasan da zai ƙara koya mana haka.

Ƙorafi na biyu shi ne zaɓin ƙarya. Sau da yawa sai ka yi ta tunani kafin ka taɓa amsa, daga baya ka koma ka gwada ɗayar, ka tarar duk kanwar ja ce, layi ɗaya ko biyu kawai suka sake, labari ya koma inda marubuci ya nufa. Da na yi lissafi sai na gane dalili. In da kowane zaɓi zai raba labari gida biyu da gaske, to zaɓi na farko zai ba da hanya 2, na biyu 4, na uku 8, a zaɓi na goma an sami hanya 1,024. Babu marubucin da zai iya rubuta wannan, balle mai zane ya zana. Saboda haka sai su riƙa raba hanya suna sake haɗe ta, kamar yadda hanyoyin ƙafa suke rabuwa a fadama su sake haɗuwa a mashigin gulbi. Na yi musu uzuri a nan. Amma da sun rage yawan tambaya, sun bar uku ko huɗu masu nauyi da gaske, da ya fi mana. Zaɓin da aka ba yarinyar cikin Angelique, ko sarauta ko masoyi, shi ne irin wanda nake nufi, domin kowanne ta ɗauka sai ta rasa wani abu.

Na uku, halin mutanen cikin labari. Sau da yawa akan mayar da yarinyar sakarya, kai mai karatu ka hango rami tun daga nesa, amma ba a ba ka ikon hana ta faɗawa. Saurayin da ake ɗauka gwarzo kuwa sai ka ga mai wulaƙanci ne, mai tsawa, mai binciken wayarta, mai hana ta magana da kowa, sa'an nan labarin ya ce wai duk so ne ya jawo. An ce so hana ganin laifi, amma wannan ya yi yawa. Wadda ta saba ganin irin wannan hali ana yi masa kwalliya, ranar da ta gamu da shi a zaure ba lalle ta gane hatsari ne ba.

Na huɗu, jira da data. Wasu wasannin sukan ba ka makulli ɗaya ko biyu na buɗe babi, in sun ƙare sai ka jira sa'o'i, ko ka saya. Kullum kuwa a inda labari ya yi zafi ake tsayar da kai. Masu irin saƙon tsakar dare kuma su hana mutum barci, gari ya waye yana gyangyaɗi a aji. Ga data da take tafiya kamar ruwa a kwando, ga kuɗin caji a shago, tun da wutar lantarki ba abin dogaro ba ce a wajenmu. Yawancinsu ma ba sa buɗewa sai da intanet. A watan Satumba na 2021 aka rufe layukan waya a ƙananan hukumomi 14 na Jihar Sakkwato, har da Sabon Birni da Isa, saboda yaƙi da 'yan bindiga. Ina ƙarama a lokacin, amma na tuna masu layin Nijar kaɗai suke ɗan samun sabis, shi ma domin gaisuwa da sanar da lafiya. Duk labaran da yayata ta fara suka tsaya inda suke. Abin da ya rage mana shi ne tsofaffin littattafan Hausa na cikin akwatin mahaifiyarmu, waɗanda ba sa neman makulli ko caji.

Na biyar, ba rayuwarmu ba ce a ciki. A waɗannan labarai yarinya takan gamu da saurayi a gidan rawa ko a bakin teku, su yanke shawarar aure su biyu, ba uwa ba uba. Babu gwaggon da za ta sa baki, babu baffan da za a aika wa, babu binciken asali, babu lefe, babu sadaki. Wasu ma akwai hotuna da maganganun da ba za ka so ƙanenka ya leƙo ya gani ba. Ban taɓa cin karo da ko ɗaya da Hausa ba. Kayan aro kuwa ba ya rufe katara.

Wani dare kakarmu, wadda muke kira Inna, ta tarar da mu muna gardama a kan waya. Ta ce, "Ku ɗiyan ga, mi kuka ma gardama da tsakad dare?" Yayata ta ce, "Inna, labari ne. Samari uku ke son yarinya ɗaya, mu ne za mu zaɓar mata." Inna ta yi dariya ta ce, "Wanga ai tsohon zance na. Mu da bakinmu munka yi shi, ba mu biya ko anini ba." Sai ta zauna ta yi mana tatsuniyar samari uku da suke neman budurwa ɗaya, suka tafi fatauci. Ɗaya ya sayo madubin da yake nuna abin da ke nesa, ɗaya ya sayo buzun da yake tashi sama, ɗaya ya sayo maganin da yake tayar da wanda ya kusa mutuwa. Mai madubi ya duba ya ga budurwar tana kwance rai a hannun Allah, suka hau buzu suka iso nan take, mai magani ya ba ta ta miƙe. Daga nan Inna ta ja bakinta, ta ce mu faɗi wanda ya kamata ya aure ta. Ni na ce mai madubi, yayata ta ce mai magani, ƙanenmu da muke tsammani ya yi barci ya ɗago kai ya ce mai buzu. Muka yi ta musu. Da muka gaji muka ce Inna ta raba gardama, sai ta ce, "To ita ɗiyar, wa yat tambaye ta?"

Wannan tambaya ta Inna ita ce marubutanmu na Hausa suka daɗe suna yi. A Jiki Magayi na John Tafida da Rupert East, wanda yake cikin littattafan farko da aka buga a Zariya bayan gasar 1933, Abubakar ne yake son Zainab, amma mai dukiya Malam Shehu ya aure ta, abin da ya jawo ramuwar da ta halaka gida. A 1980 aka buga So Aljannar Duniya na Hafsat Abdulwaheed, labarin Boɗaɗo, Bafulatanar da ta dage sai wanda take so ko da ba ƙabilarsu ɗaya ba. A 1990 Balaraba Ramat Yakubu ta fitar da Wa Zai Auri Jahila?, inda aka cire Abu daga makaranta aka aurar da ita ga tsoho, ta gudu ta nemi ilimi. A 1991 kuma Ado Ahmad Gidan Dabino ya fitar da In Da So Da Ƙauna, inda Sumayya 'yar masu kuɗi take son Muhammad talaka, ana matsa mata ta auri mai arziki. Duk waɗannan a kan zaɓi suke, da kuma yadda kuɗi yake shiga tsakani. Abin lura shi ne, a cikinsu kuɗi ne abokin gaba, marubuci yana bayan wanda ba shi da shi. A wasan waya kuwa an juya al'amarin, kuɗi ne abokin tafiya, wanda ba shi da shi sai ya bi hanyar kuka.

Yau ma marubutan Hausa, yawancinsu mata, suna sakin labaransu shafi-shafi a WhatsApp da Wattpad, masu karatu suna roƙonsu kada a kashe wance, ko a hukunta wane, wani lokaci kuma marubuciya ta saurare su. Su ma da yawa sukan ba da shafukan farko kyauta, sa'an nan su ce a biya kafin a ci gaba. Ni ban ga laifin wannan ba, domin ciniki ne a fili: ka biya kuɗin labari, ka karanta shi duka, mai kuɗi da talaka abu ɗaya za su gani a ciki. Haka nan da yawa daga wasannin Japan na kwamfuta, sau ɗaya ake saye, dukan hanyoyi kuma a buɗe suke. Wannan shi ne cinikin gaskiya.

Na san akwai masu cewa maganin abin shi ne a hana baki ɗaya, a ƙwace wayoyi a huta. Ina girmama wannan ra'ayi, kuma na yarda da dokar hana waya a cikin makaranta, domin ɗalibin da yake fuskantar jarrabawar WAEC da NECO ba shi da daren da zai ɓatar wajen jiran saƙon saurayin zane. Na kuma yarda iyaye su san abin da ke cikin wayar 'ya'yansu, su duba shekarun da aka rubuta wasan ya dace da su. Amma hani kaɗai bai taɓa kashe labarin soyayya ba. A 2007 an ƙona littattafan soyayya a bainar jama'a a Kano, zamanin gwamnatin Malam Ibrahim Shekarau, bisa cewa suna ɓata tarbiyyar 'yan makaranta. Littattafan ba su mutu ba, sai ma suka koma cikin waya inda ashana ba ta kaiwa. A 2016 kuma Sashen Hausa na BBC ya fara gasar Hikayata domin mata marubuta, aka riƙa karrama irin mutanen da a da ake yi wa kallon masu laifi. Muddin akwai samari da 'yan mata, za a nemi labarin so. Abin da ya rage shi ne wane iri za a ba su.

Saboda haka shawarata ga Ƙungiyar Hausa ta makarantarmu ita ce mu rubuta namu. Abin ba gagara ba ne. Akwai manhajar Ren'Py da ta fito tun 2004, da Twine da ta fito a 2009, dukansu kyauta ne, kuma domin shirya irin wannan labari mai rassa aka yi su. In babu kwamfuta ma littafin rubutu ya isa, sai a rubuta a ƙasan shafi cewa wanda ya zaɓi kaza ya tafi shafi na 7, wanda ya zaɓi kaza ya tafi shafi na 12. Masu iya zane a cikinmu su zana, masu iya tsara magana su tsara, ranar taron ƙungiya a karanta, in an zo wurin zaɓi a ɗaga hannu, masu rinjaye su ja ragamar labari.

Ga ma wanda nake da shi a rai. Yarinya ce 'yar ajin ƙarshe a Isa, iyayenta sun baro ƙauyensu sun bar gona, suna zaune a gidan dangi. Ga ɗan gwaggonta, ɗan kasuwa a Maraɗi, ya ce a shirye yake a ɗaura bayan salla, ya ɗauke wa mahaifinta nauyi. Ga wani matashin malami da ba shi da komai sai albashi, ya ce zai jira ta. Ga kuma gurbin karatu a makarantar koyon aikin jinya a Sakkwato, wanda sai an sayar da 'yar akuyar da ta rage kafin a biya. In ta bi na farko gidansu zai sami sauƙi, amma karatu ya tsaya. In ta bi na biyu za a yi ta jira ana cin bashi, ga gorin dangi. In ta bi karatu wataƙila ta dawo ta tarar duka biyun sun yi aure. A ciki za a ji muryar gwaggo, da ta baffa, da ta ƙawa mai zuga, da ta uwa da take kwana ba barci. Babu hanyar da ba ta da ɗaci, babu kuma wadda za a ce sai mai lu'ulu'u zai bi. Na tabbata in an karanta wannan a aji gardamar da za a yi sai ta fi wadda muka yi a gaban Inna, domin kowa ya san wata yarinya da take cikin wannan hali, in ma ba ita ce take zaune kusa da shi ba.

A ƙarshe ina kira ga 'yan'uwana masu yin wannan wasa, kada kuɗin makaranta ko na cefane ya tafi wajen sayen duwatsun ƙarya. In labari ya ce sai kin biya kafin yarinya ta kare mutuncinta, ki rufe shi ki nemi wani. Ga malamanmu na Hausa kuma, muna roƙo ku ba mu fili da jagora a zango mai zuwa mu gwada abin da na ambata, domin sai an gwada akan san na ƙwarai. A nan zan dasa aya. Allah ya ba ƙasarmu ta Gobir zaman lafiya, ya ba mu sa'ar jarrabawa baki ɗaya.